Sanarwa kan tikitin wurin wasan yara

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyayen yara.

Game da tafiyarmu Kano bayan Sallah, an tambaye ni ko tikitin waya za mu saya ko na takarda. Shawarata kowa ya saya ta waya, amma ya buga shi a takarda tun muna Damagaram.

Ga dalilina. Da zarar mun wuce Matamai muka tsallaka iyaka, layin Nijar ba lallai ya ba ku intanet ba. Ga zafi, ga yara suna kallo a wayar tun daga tasha, kafin mu isa ƙofa caji ya ƙare. Bara haka ta faru da ni, na tsaya da yara uku cikin rana ina neman inda zan jona waya. Ba na son wani ya sha wannan wahalar.

Takarda ma tana ɓata, gumi yana goge ta, don haka a sa ta cikin leda, a kuma ɗauki hoton tikitin a ajiye a waya.

Don Allah kada a turo hoton lambar QR, wato alamar da ke jikin tikitin da ake nunawa a ƙofa, cikin wannan rukuni. Galibi sau ɗaya take aiki, wanda ya riga nunawa shi zai shiga.

Hajiyoyinmu marasa babbar waya, ku yi mini magana kafin Alhamis, ni zan bugo muku tikitin a takarda.