Labarin gidan Baba na Kurna

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan kuma harkokin kasuwa a Legas suna tafiya yadda ake so. Na san kana riƙe da ni saboda shirun da na yi tun bayan Babbar Sallah, kuma kana da gaskiya, amma idan ka ji abin da ya sha mini kai za ka yi mini uzuri.

An kammala rabon gadon Baba, Allah Ya jiƙansa, kuma gidan nan na Kurna da yake aikenmu karɓo kuɗin haya muna yara shi ne ya faɗo a rabona. Saboda haka, kai da ba ka da hira sai ta zaluncin masu gidajen haya na Agege, yau ga ɗaya daga cikinsu a cikin aminanka, sai ka fara sassauta harshe.

Gidan yana nan yadda ka san shi, ciki da falo 2 da ɗakuna 4, sai dai ya tsufa ƙwarai. Da na karɓe shi sai na fara da abin da ido ke gani, na sa aka yi filasta da fenti, aka shimfiɗa tayil a ɗakuna biyun da ba kowa, ina murna aiki ya yi kyau. Ruwan Agusta ne ya tona asirin gidan, domin a dare ɗaya silin ɗin falon gaba ya jiƙe ya rufto, sabon fentin kuma ya kumbura yana ɓarewa. Da kafinta ya hau ya ɗaga kwano, sai ya miƙo mini guntun katakon rufi ya ce in matsa. Ina matsawa ya zama gari a tafin hannuna, ashe gara ta daɗe da cinye cikinsa, ɓawon kawai ya rage. A ranar ya gaya mini cewa tsohon gida daga rufi ake fara gyaransa, sannan shadda da hanyar ruwa, fenti kuwa shi ne ƙarshe.

Tun daga nan ƙafata ba ta huta ba tsakanin 'Yan Katako na Na'ibawa da kasuwar Ƙofar Ruwa, ina sayen katako da kwano da ƙusa da rodi. Wannan karon kowane katako sai da aka shafe shi da maganin gara da baƙin mai a gabana kafin a ɗora. Farashi kuwa ba sai na gaya maka ba: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin dakon yashi da bulo ya zama wani nauyi na daban, kuma abin da aka faɗa maka ranar Litinin ba lallai ka same shi haka ranar Alhamis ba. Na kuma daina biyan ma'aikata kuɗin yini, saboda birkilan farko ya ja aikin mako ɗaya ya kai mako 3. Yanzu jinga muke yi, ni ke sayen kaya da kaina, ba na kuma cika kuɗi sai na ga aiki ya kammala. Duk da haka ajiyata ta ƙare, har na ranci wani abu a wurin Yaya.

Amma ba kuɗin ne ya hana ni barci ba. Ka tuna Malam na ɗakin kusa da rijiya, mai ɗinkin hula? Yana nan, idonsa ya yi rauni, ɗinkin ma sai jefi-jefi. A cikin kayan Baba na sami littafin da yake rubuta kuɗin haya, kuma a shafin Malam na ga kuɗin bai taɓa canzawa ba, a gaban wasu watannin ma Baba ya rubuta da hannunsa cewa an yafe. Bai taɓa gaya wa kowa a gida ba. Dillali kuma ya dame ni da cewa in sallami kowa, yana da masu albashi da za su biya na shekara 2 a dunƙule, in fita daga bashi lokaci guda. Wani lauya ya ce mini mai biyan shekara-shekara sai an ba shi sanarwar wata 6 idan babu wata yarjejeniya a rubuce, wanda ke nufin doka ba ta hana ni ba idan na bi ƙa'ida.

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, Malam ya same ni a zaure ina lissafi da mai wayarin. Ya jira har muka gama, sannan ya ciro kuɗi ƙulle a hankici ya ajiye a gabana, ya ce ya ga irin ɗawainiyar da nake yi, idan ina son ɗakin in gaya masa da wuri don ya fara nema. Wallahi kasa kallon fuskarsa na yi. Na ce masa ɗakin nasa ne a kan yadda suke da Baba.

Wannan na yanke, ba kuma zan janye ba. Abin da ya rage shi ne sauran 'yan hayar, domin dole in yi musu ƙari, in ba haka ba gidan ba zai riƙe kansa ba, kuma ina tsoron abin da zai biyo baya idan suka ji an bar Malam a tsohon kuɗi. Niyyata ita ce mu rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu, a fayyace wanda ke da alhakin kwashe shadda da gyaran rufi, sannan in nema wa kowane sashe mita mai kati don a huta da rigimar kuɗin wuta.

Kai da ka shekara da shekaru kana zaman haya, ka fi ni sanin inda abin yake yi wa mutum ciwo. Ka rubuto mini gaskiya: ƙarin nawa ne mutum zai ji bai ɗauka korarsa ake yi ba, kuma in tara su in faɗa musu maganar Malam da bakina, ko in yi shiru? Ina so in ji daga gare ka kafin ƙarshen wata, domin a lokacin kuɗin biyu daga cikinsu ke ƙarewa.

Inna tana gaishe ka. A shafa mini kan yara.

Naka amini.