Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Sufuri Kan Gonakin Da Dogon Kano Zuwa Maraɗi Ya Ratsa

Assalamu alaikum, mai girma Minista. Ranka ya daɗe.

Ni ɗan manomi ne daga ƙasar Daura, kuma ba na cikin masu ƙin jirgin ƙasa. Kowa ya san abin da dogo ya yi wa Kano tun da ya iso a 1911, da shi gyaɗarmu ta kai bakin teku. Don haka da aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, kilomita 284 ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, mun yi murna.

Maganata a kan ƙasar da dogon yake kwanciya ce. Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, sashe na 28 kuma ya ba shi ikon karɓe fili idan Gwamnatin Tarayya ta buƙace shi don amfanin jama'a. Ba ma ja da wannan, dogo ba ya karkacewa saboda gonar mutum ɗaya. Sashe na 29 ne ke ci mana tuwo a ƙwarya. Diyyar da ya yanka ta abin da ke bisa ƙasa ce: gini, rijiya, itatuwa, shuka. Ita kanta ƙasar ba a biyan komai a kanta sai kuɗin hayar shekarar da aka karɓe ta, wanda galibin manoman karkara ba su ma san da shi ba. To idan masu ƙiyasi suka zo da rani, an girbe gero an kwashe kara, me za su rubuta? Kuka ɗaya da ɗorawa biyu. Gonar gado da ta ciyar da gida tun kaka da kakanni ta tafi a kuɗin da ba zai sayi rabinta a maƙwabta ba, don da jin jirgi zai wuce filaye suke tsada.

Wanda bai gamsu ba, dokar ta tura shi gaban kwamitin da gwamna ya naɗa, sashe na 47 ya rufe masa ƙofar kotu, alhali sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya buɗe ta. Da wane kuɗin talaka zai ɗauki lauya ya warware wannan?

Na san gyaran dokar sai an bi hanyar gyaran kundin. Amma sharuɗɗan kwangila a hannunka suke, ranka ya daɗe. Ka sa a musanya wa manomi gona da gona, ba ambulan kaɗai ba. Sanarwa ta zo da Hausa, boko da ajami, ta hannun dagatai, kafin katafila ta shigo. Tun daga 2023 jihohi ma sun sami ikon shimfiɗa dogo, kuma sawunku za su bi.

Sai burtali. Inda dogo ya datse shi a yi mashiga ta ƙarƙashi, don makiyayin da ya rasa hanya cikin gonar wani zai kora shanunsa.

Wassalam,
Wani ɗan manomi daga ƙasar Daura.