Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Inshorar Da Ya Ƙirga Ƙofofin Mota Bai Duba Injinta Ba

Zuwa ga Babban Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ranku ya daɗe, ni abokin hulɗarku ne tun 2009. Kowane watan Afrilu nake kai muku kuɗi, ban taɓa bari takardata ta mutu ba, kuma sau ɗaya tak na taɓa neman diyya, shi ma gilashin gaba ne da tsakuwa ta fasa mini a hanyar Zariya. A kan maganar da zan kawo yanzu na rubuta wa reshenku na Kaduna sau uku, na taka da ƙafata sau biyar, kullum amsar ɗaya ce: "Alhaji, fayil ɗin yana hedikwata." Shi ya sa na fito fili. Ban kama sunanku ba don ba tozarci ya kawo ni ba. Da kun karanta za ku gane kanku, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

Maganar ta yaron wajena ce, na farin, wanda ko a gida ba na kiran sunansa balle a nan. Shekararsa 23. Ya gama hidimar ƙasa, yana sana'ar haɗa manhajar kwamfuta, ya tara 'yan kuɗinsa ya ce mota zai saya. Da fari Dodge Challenger ya ƙwallafa rai a kai, daga baya ya koma Ford Mustang. Wata biyu muna kai ruwa rana da shi. Na ce masa waɗannan motoci da ƙafafun baya suke turawa, kuma ƙirar 2011 zuwa sama ko mafi ƙanƙantar injinsu yana da ƙarfin doki wajen 300. Wanda hannunsa bai faɗa ba, ya taka totur a kwana ranar da aka yi ruwa, sai ya ga bayan motar ya riga gabanta. Na tuna masa ramukan unguwarmu, na tuna masa cewa fitila ɗaya in ta fashe ba lallai a same ta a Panteka ba, sai an aika kasuwar Ladipo ta Legas ko ma Amurka, na tuna masa kuɗin fetur tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Bai ji tawa ba sai da mahaifiyarsa da kawunsa suka sa baki. A ƙarshe aka tsaya a kan Honda Accord ƙirar 2010, irin wadda dillalai ke kira Evil Spirit, amma mai ƙofa biyu, don ya rage zafi. Naira miliyan 8 ya biya. Na faɗi wannan ne don ku san cewa kafin ku ku fara tsoron yaro da mota mai gudu, ni na riga ku.

To ga inda gizo ke saƙar. Wannan Accord mai ƙofa biyu injinta lita 2.4 ne, silinda huɗu, ƙarfin doki 190, da ƙafafun gaba take ja. Injin nan shi ne a cikin 'yar'uwarta mai ƙofa huɗu da ma'aikatan gwamnati ke kai yara makaranta da ita. Duk bakaniken da ya san Honda zai shaida muku. Ni kuwa da nake muku wannan rubutu, Accord nake hawa ƙirar 2011 mai ƙofa huɗu, amma V6 ce, wato mai silinda shida, lita 3.5, ƙarfin doki kusan 270. Idan aka jera su a titin Abuja, tawa za ta bar tasa tana shaƙar ƙura. Tawa kashi 5 cikin 100 na darajarta kuke karɓa. Tasa, ma'aikacinku ya leƙa ta taga, ya ƙirga ƙofofi, ya rubuta "motar tsere" a fom, ya ce kashi 7 da rabi. Ko bonet bai ce a buɗe ba.

Na san dokar, don na bibiye ta lokacin da ta fito. Hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ƙasa ce ta ƙayyade cewa daga 1 ga Janairun 2023 inshorar kare haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, diyyar dukiya kuma daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Cikakkiyar inshora kuwa aka ce kada ta gaza kashi 5 cikin 100 bayan kowane irin rangwame. Ban ce ku sauko ƙasa da wannan ba. Kashi 5 na miliyan 8 naira 400,000 ne. Ku kun karɓi 600,000. Abin da na tambaya tun ranar farko, kuma har yau ba wanda ya amsa, shi ne: dubu ɗari biyun nan ta sama, nawa ne na shekarunsa, nawa ne na ƙofofin? Da wane ma'auni aka auna? Wakilinku murmushi ya yi ya ce, "Alhaji, kwamfuta ce ta fitar." Yaron nan kuwa haɗa manhaja ce sana'arsa, ya san kwamfuta ba ta fitar da abin da mutum bai zuba mata ba.

Ba zan yi muku musu a kan cewa matasa sun fi shiga haɗari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana cin rai kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ba sai an kai ni hedikwatarta ta Janeba ba ma. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi ranar kai amarya ya ga yadda samari ke wasan mota, ana jan birkin hannu, taya na hayaƙi, wasu sun fito rabin jiki ta taga, ya san abin da ake nufi. Na je ta'aziyyar irin wannan fiye da sau ɗaya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu. Saboda haka in kun ce inshorar yaro ta fi ta dattijo tsada, ban ga laifinku ba.

Laifinku shi ne kuɗin goro da kuka yi musu, kuma ba ku bar wa na kirkin ƙofar fita ba. Ɗan ƙanwata yana karatu a Birtaniya, can ma kuka matasa ke yi da tsadar inshora, wani lokacin har ta fi kuɗin motar. Amma can an daɗe ana raba motoci rukuni-rukuni daga 1 zuwa 50, bisa ƙarfin inji da tsadar gyara da wahalar sacewa, kuma kowa yana iya duba rukunin mota kafin ya saya. Suna kuma da wata 'yar na'ura da kamfani ke maƙalawa a mota, tana lura da gudu da yadda ake taka birki da lokutan da ake fita. Yaron da ya natsu, shekara na zagayowa sai a sauko masa da kuɗi. Da akwai irin wannan jadawali a wajenku, da tun muna gardamar Mustang na shimfiɗa masa shi a gaba, da ya taimake ni, ya taimake ku.

Abin takaicin ma, na'urar kuna da ita. Ku kuka sharɗanta mana sa na'urar bibiya kafin ku ba da takarda, muka biya naira 70,000 daga aljihunmu. Ina da manhajarta a wayata, da yardarsa, kuma ba na jin kunyar cewa nakan leƙa. Tana nuna gudun motar a kowane lokaci. Wata shida da ya yi yana tuƙi ban ga ya wuce kilomita 100 da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade wa ƙananan motoci a tagwayen hanya ba, sai sau biyu, kuma duka biyun ya ji daga gare ni. Ku kuwa na'urar ba ta da amfani a wurinku sai ranar da aka sace mota.

Yanzu in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wata ranar Laraba a watan Oktoban 2025, da la'asar, yana tsaye a danja a kan titin Ahmadu Bello, ja ta kama, wata bas ta haya da birkinta ya ƙwace ta zo ta dake shi ta baya. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Bamba ta tafi, but ya lotsa, fitilun baya duka biyu sun tarwatse. 'Yan sanda sun zo sun auna, rahotonsu ya ɗora laifin kacokan a kan direban bas, shi ma bai musa ba, haƙuri kawai yake ta bayarwa. Da aka duba lambar motarsa a rumbun bayanan inshora na ƙasa, wato NIID, sai aka tarar takardar inshorar da yake yawo da ita ba ta da asali, irin wadda ake saya a bakin ofishin lasisi ce don a nuna wa ɗan sanda a wuce. Na dubi mutumin nan da silifas ɗinsa na san ba abin da zan samu a wajensa. Na ce ai don irin wannan rana muka sayi cikakkiyar inshora.

Mai gyara ya yi lissafin naira 950,000, domin kayan bayan mai ƙofa biyu ba su shiga da na mai ƙofa huɗu, sai an nemo. Mai kimantawarku ya zo bayan sati uku ya zaftare zuwa 700,000. Daga nan kuka cire kashi 10 cikin 100 wanda mai mota ke ɗauka da kansa, wato 70,000, wannan na san da shi. Sannan kuka sake cire 250,000, wai ƙarin kason direban da bai kai shekara 25 ba. Abin da ya rage 380,000, shi kuka ce in zo in sa hannu cewa an sallame mu.

Ranku ya daɗe, ina so wani mai hankali a hedikwatarku ya fahimtar da ni: motar da take tsaye cak, ƙafar direbanta a kan birki, ina ruwan ƙuruciyarsa da abin da ya same ta? Da ni ne a zaune a kujerar nan da furfurata, bas ɗin za ta fasa dukana ne? Kun riga kun karɓi kuɗin ƙuruciyarsa tun ranar biya, a cikin 200,000 ɗin nan ta sama. Ranar diyya kuma kun sake karɓa. Sau biyu ke nan a kan laifin da bai yi ba.

Sharaɗin nan kuma ba wanda ya faɗa mana shi. Ranar da muka je, shafi ɗaya aka ba mu mai ɗauke da adadin kuɗi da lambar asusu, aka ce doka ta ce in ba biya ba inshora. Muka biya a take. Cikakken kundin yarjejeniyar sai bayan kwana goma sha ɗaya ya iso ta imel, shafi 26, da Turancin lauyoyi, kuma maganar 'yan ƙasa da shekara 25 tana can shafi na 19 da ƙananan haruffa kamar ƙafar kiyashi. Wakilinku ya riƙe lasisin yaron a hannunsa, ya kwafi ranar haihuwarsa da alƙalaminsa. Ya sani, ya yi shiru. Wajen karɓa minti goma bai cika ba aka ba mu rasit, wajen biya yau wata huɗu. Lallai wanzami ba ya son jarfa.

Ku da kanku kuke kuka a jaridu cewa inshora ba ta kai ko kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin Najeriya ba, kuna cewa mutanenmu ba su waye ba. A nan Arewa kun fi kowa sanin irin tababar da ake yi, har ta fuskar addini, abin da ya sa NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, tun 2013. Ni na sha gori a majalisa a kan hulɗa da ku, ina kare ku. Tun da 'yan sanda suka fara kamen marasa inshora ranar 1 ga Fabrairun 2025, samari da yawa suka fara tambayar mene ne abin nan, kuma wace iri ya kamata su saya. Abokan yaron nan su shida ne masu mota, duk suna kallon yadda za ta kaya. Jiya ɗaya daga cikinsu ya ce mini, "Baba, ai gara mu biya dubu goma sha biyar ɗin mu huta, sauran mu ajiye wa bakanike." Na buɗe baki in ba shi amsa, na rasa abin faɗa.

Ga abin da nake nema. Ku mayar da 250,000 ɗin nan cikin diyyar, tunda rahoton 'yan sanda yana hannunku kuma na'urarku za ta nuna muku motar ba ta motsi lokacin da aka dake ta. Ku turo wanda ya san inji ya buɗe bonet, ya goge "motar tsere" daga fayil ɗin kafin sabuntawar Afrilu. Ku ba ni lissafin ƙarin kashi biyu da rabin nan a rubuce, dalla-dalla. Zaftarewar da mai kimantawarku ya yi ma ban yarda da ita ba, amma wannan a shirye nake mu zauna da mai gyaran da rasitan kayan a gaba. Kuma don Allah, duk sharaɗin da zai rage wa mutum diyya, a riƙa karanta masa shi da harshen da yake ji kafin ya tura kuɗi.

Na ba ku kwana goma sha huɗu daga yau. In ban ji daga gare ku ba, zan kai takarduna sashen karɓar ƙorafi na NAICOM da kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye. Sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Agustan 2025, biyan diyya a kan kari yana cikin abin da aka ce ta zo tabbatarwa, zan je in ga ko haka ne. Tawa motar kuma, in Afrilu ta zo a haka, wani wurin zan kai ta.

Motar yaron tana nan a garejin mai gyara an lulluɓe ta da tamfol, shi kuma ya koma hawa Keke zuwa wajen aiki. Lambar wayata tana cikin fayil ɗin da aka ce yana hedikwata.

Wassalam.

Naku,
Wani abokin hulɗarku tun 2009,
Kaduna.