A Haɗa Hoton Ƙwaƙwalwa Da Awon Numfashi Wajen Binciken Zazzabin Yara

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in ja hankalin masananmu kan wata hanyar bincike, wato ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa tare da auna numfashi, bugun zuciya da lantarkin ƙwaƙwalwar majinyaci a lokaci guda.

Duk wanda ya taɓa jinya a ɗakin yara da damina ya san zazzabin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Kwana biyu na yi a gefen gadon ɗan ƙanwata yana cikin doguwar suma, idanunsa a kafe gefe guda, yawu na dalala, ina ƙirga numfashinsa da agogon hannu. Allah Ya tashi kafaɗarsa, amma yaron gadon da ke kusa da mu numfashinsa ya tsaya kafin asuba.

An daɗe ana neman dalilin wannan tsayawar numfashi, sai a asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre a Malawi aka samu bakin zaren, bayan an kafa na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, a 2008. Binciken da Dakta Karl Seydel da Farfesa Terrie Taylor da abokan aikinsu suka wallafa a 2015 ya duba yara 168, kuma daga cikin 25 da suka rasu, 21 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura sosai, alhali kashi 27 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka rayu suka nuna irin wannan kumburi. Ƙwaƙwalwar da ta kumbura ba ta da wurin zuwa a cikin ƙoƙon kai, sai ta danne tushenta, inda cibiyar sarrafa numfashi take.

Sai dai hoto yana nuna wurin da matsala take ne a daƙiƙar da aka ɗauke shi. A Kilifi ta Kenya, na'urar EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa, ce ta tona cewa wasu yaran da ke kwance shiru suna cikin jijjiga da ido ba ya gani, in ban da karkacewar ido ko hargitsewar numfashi. Hatta hoton fMRI, wato MRI mai nuna sassan ƙwaƙwalwa da ke aiki, wanda ya samo asali daga aikin masanin kimiyya Seiji Ogawa na 1990, ya dogara ne da iskar oksijin da ke cikin jini, don haka dogon numfashi ɗaya kan iya gurɓata sakamako idan ba a ɗaura wa mutum ɗamarar awo a ƙirji da maƙalin bugun jini a yatsa ba.

Saboda haka ina kira ga asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri da su riƙa tsara bincikensu da waɗannan ma'aunai a haɗe, da agogo ɗaya ga dukkan na'urori, da kayan awo waɗanda maganaɗisun MRI ba zai fizga ba, sannan a horar da ma'aikatan jinya da masu sarrafa na'ura kafin damina ta kankama.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Kano