Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni da wane ma'auni nake ba fim maki

Assalamu alaikum 'yata,

Da fatan kina lafiya, ya karatu, ya mutanen gida? Ranar Asabar da kika bugo waya cikin shirinmu na rediyo lokaci ya ƙure, labarai sun matso, ban samu na ba ki amsa ba. Tunda a bainar jama'a kika yi tambayar, na ga ya dace amsar ma ta fito inda kowa zai gani.

Kin ce ke 'yar unguwar Asawase ce a nan Kumasi, kina karatun fim a NAFTI, makarantar koyon fim da talabijin, a Accra. Kika ce: "Baba, ku da kuke zama kowane mako kuna cewa wannan fim bakwai cikin goma, wancan huɗu, da wane ma'auni kuke yi? Ga IMDb ga Rotten Tomatoes, dubban mutane da ƙwararrun masu sharhi sun riga sun ba da maki. Kuma ta yaya za a haɗa fim ɗin ban tsoro da na soyayya da na barkwanci a auna su da abu ɗaya?"

Tambaya ce mai kyau, na kuma ji daɗin da ta fito daga bakin 'yar Zango mai karatun wannan sana'a.

Bari in fara da lambobin waɗancan shafukan intanet biyu da kika ambata, don da yawa cikin samarinmu suna ɗaukarsu kamar hukuncin alƙali alhali ba su san yadda ake haɗa su ba. Idan kika ga kashi 90 cikin 100 a Rotten Tomatoes, ba ana nufin fim ɗin ya ci tara cikin goma ba ne. Ana nufin cikin kowane masu sharhi goma da shafin ya yarda da su, tara sun fi karkata ga yabo a kan suka. Saboda haka fim ɗin da kowa ya ce "to, ba laifi" zai iya kaiwa 90, wanda kuwa ya raba kan jama'a, ya girgiza rabi rabi kuma suka ƙi shi, sai ya tsaya a 50. Daga 60 zuwa sama ne suke manna wa fim jan tumatir, alamar ya samu karɓuwa. Su ma makin 'yan kallo na shafin, tun 2019 aka fara fifita na waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti, ta hannun Fandango, kamfanin sayar da tikitin sinima na Amurka da ya mallaki shafin tun 2016. Wanda ya kalli fim a unguwarmu ta Aboabo a wayarsa, ko a talabijin ɗin maƙwabta, ba ya cikin waɗannan da aka tantance.

A IMDb kuwa duk mai rajista yana iya ba da maki daga 1 zuwa 10, amma abin da suke nunawa ba tsabar matsakaicin ƙuri'u ba ne. Suna ba wasu ƙuri'u nauyi fiye da wasu, kuma ba su bayyana yadda suke yi. Hujjarsu ita ce hana maguɗi, ban kuma ga laifinsu ba. Sai dai ki tambayi kanki su wa ke zama suna danna waɗannan lambobi. A majalisarmu ta ataya akwai mutanen da suka fi shekara talatin suna kallon fim, ban san ko ɗaya da ya taɓa kaɗa ƙuri'a a can ba. Ki nemi finafinan Kumawood, wato waɗanda ake shiryawa a Kumasi, ko na Kannywood da unguwa ta yi wata guda tana zancensu, wasu ba za ki same su ba ma, wasu kuma 'yan ƙuri'u ƙalilan ne a kansu.

Netflix ma ta yi watsi da taurari biyar a 2017, ta koma ɗaga babban yatsa sama ko ƙasa. Cikin dalilan da suka bayar har da cewa mutane kan ba fim ɗin gaskiya mai ilmantarwa taurari biyar, su ba na barkwanci uku, amma idan dare ya yi na barkwancin suke kunnawa. Ma'ana mutum yakan ba da maki don a gan shi da mutunci, ba don abin da zuciyarsa ta so ba. Wannan halin ɗan'adam ne, muna da shi mu ma.

Ba cewa nake ki daina duba lambobin ba. Ni ma ina dubawa. Lamba ce dai da ba ta da fuska, ba kya iya ce mata "me ya sa?"

Ni a gidan bidiyo na koyi sauraron 'yan kallo. A ƙarshen shekarun 1980 harkar bidiyo ta bazu a Ghana, a shekarun 1990 kuwa ina saurayi ina aiki a wani gidan kallo a nan Aboabo. Bencina ne jere, talabijin a kan tebur mai tsawo, na'urar kaset a ƙarƙashinsa, janareta a bayan katanga. A ƙofa mu rataye hoton talla da masu zane suke yi da fenti a kan buhun fulawa, wani lokaci mai zanen bai ma ga fim ɗin ba, sai ya ƙara wa jarumi ƙwanji da bindigar da babu ita a ciki. Hoton yana jawo mutane a daren farko kaɗai. Daga nan sai abin da aka faɗa da safe a layin mai koko da ƙosai. In wani ɗan tireda ya ce "akwai faɗa, kuma bos ya sha wuya kafin ya mutu", daren nan sai mun aro benci. In ya ɗaga kafaɗa ya ce "surutu ne kawai", gobe kaset ɗin zai koma inda aka yi hayarsa. Ranar fim ɗin Indiya kuwa mata ne ke cika gaba, babu fassara, babu rubutu a ƙasa, amma idan uwa ta gane ɗanta da ya ɓace tun yana jariri, sai ki ga ana share hawaye da bakin mayafi. Na kan tsaya a baya kusa da ƙofa ina kallon ƙeyar mutane. In suna motsi suna sayen gyaɗa, fim ya sake su. In suka yi tsit har mai gyaɗar ma ta ajiye farantinta, na san gobe da jibi akwai ciniki.

Daga can na samo abin da nake aunawa da shi har yau, kuma shi ne amsar rabin tambayarki na biyu. Ba na haɗa fim ɗin ban tsoro da na soyayya. Kowane fim akwai alkawarin da yake ɗaukar wa ɗan kallo a mintunansa na farko, ni kuma abin da nake dubawa shi ne ko ya cika. In na ba fim ɗin faɗa bakwai, to bakwai ne a cikin finafinan faɗa. Idan kina son sanin waakye, shinkafa da wake, mai daɗi a Kumasi, ba za ki tambayi duk garin ki raba amsa ba, za ki tambayi mutum ɗaya da kika san harshensa, kin san ko mai son yaji ne ko a'a. Masu sauraronmu sun san ni ba na jure waƙar da aka cusa inda ba wurinta ba, sun san abokin zamana a shirin in dai akwai doki da takobi to ya riga ya ba da takwas. Da wannan sanin suke gyara makinmu a ransu.

Ga misali da abin da na kalla kwanan nan. Akwai wani fim ɗin faɗa na kudancin Indiya, fassarar Hausa irin ta Algaita ta Kano, kusan awa uku. Na ba shi bakwai. Labarin ramuwar gayya ne da kowa ya san ƙarshensa, jarumi yana dukan mutum ashirin ko hularsa ba ta faɗi, amma bai yi mini alkawarin wani abu daban ba, kuma masu fassarar sun saka wa yaron bos baki mai daɗi har yara a gidanmu suna maimaita maganganunsa. Wani na Koriya na ban tsoro na ba shi takwas, don ya san cewa jiran abu ya fi ganinsa firgitarwa. Minti kusan goma ana bin wata yarinya a cikin gida babu kiɗa, sai ƙarar takunta. Maiɗakina ta tashi ta bar falo, ta ce ita sifili ta ba shi, kuma tana da gaskiyarta.

Wanda ya jawo mini surutu shi ne babban fim ɗin Amurka na jarumai masu tashi sama, da na ba huɗu alhali makinsa a intanet yana sama. An kashe kuɗi, hoto tas, sauti tas. Amma sai ka kalli finafinai da dama da suka gabace shi kafin ka san wane ne wannan da ya faɗo daga sama kowa ke murna. An rushe gari guda ban ji komai ba, don ba a nuna mini mutum ɗaya da ke zaune a garin da zan damu da shi ba. Masoyansa da suka bi jerin tun farko sun ji daɗinsa, su ne kuma suka cika shafukan da ƙuri'u. Ni wanda ya shigo daga waje nake yi wa magana.

Na Kumawood na barkwanci shida na ba shi. Sautin ya yi muni, duk inda aka fita waje iska ce ke cinye magana. Sai dai akwai wata fitowa da mai sayar da tumatir ke bin wani bashi a tsakiyar kasuwa, tana yi masa kirari da Twi tana kuma zaginsa a lokaci guda, wadda duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Kejetia zai rantse ya san matar. Wannan fitowar kaɗai ta ƙara masa maki biyu a wurina.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne wani fim ɗin Hausa mai dogon zango da muke bi a YouTube. Kashin farko-farko takwas nake ba shi, don ya taɓo zaman kishi da gadon marayu ba tare da ya mai da kowa shaiɗan ba. Yanzu ya sauko biyar. An zauna a falo ana ba wani labarin abin da mu 'yan kallo muka riga muka gani da idonmu, shi ma ya tashi ya je ya ba wani. Na san dalili, yawan kashi da yawan kallo su ne kuɗin shigar mai fim. Amma data da sidi, kuɗinmu na Ghana, muke sayenta, kuma labari mai kyau ne ake ja har yana tsinkewa. Wannan ya fi mini zafi a kan na Amurkan, saboda namu ne.

Akwai kuma abin da nake faɗa a kowane fim wanda babu tumatir ɗin da zai gaya miki: da wa za a kalle shi. A gidajenmu na haya talabijin ɗaya ce, kaka da jika da suruka duk a gabanta. Dokar fim ta Ghana ta 2016 ta tanadi a rarraba finafinai bisa shekarun mai kallo, Kano ma tana da hukumar tace finafinai tun 2001. To amma fim ɗin da aka tura wa yaro a waya bai bi ta gaban kowa ba. Idan na ce "wannan a bari yara su yi barci", iyaye da yawa wannan suke jira su ji, ba lambar ba.

Yanzu inda nake ganin kina da gaskiya, kuma ba kaɗan ba. Mu 'yan kallo muna da son kai. Wani in jarumin da yake so ne ya fito, goma ce tun kafin a kunna, in kuma ka soki fim ɗin sai ya ɗauka gaba ce. Wani ma'auninsa ɗaya ne tak, "akwai faɗakarwa". Sai a yafe wa fim hoto mai duhu da labari marar kai don wani dattijo ya yi wa'azi a ƙarshe. Faɗakarwa abu ne mai daraja, shi ya sa bai kamata a miƙa ta a cikin aikin ganganci ba. Sannan ra'ayin layin mai koko yana cika benci, amma ba ya adana fim. Lokacin da fim ɗin Kwaw Ansah, mai shirya fim ɗan Ghana, ya ɗauko babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1989, alƙalan da suka san aikin ne suka ga darajarsa, kuma irin wannan fim da wuya ya kwana uku a gidan kallonmu. Hukumar fim ta Ghana da aka kafa zamanin Nkrumah a 1964 an sayar da akasarinta ga wani kamfanin Malesiya a 1996, mu masu kallo muna can muna jiran kaset na gaba, ba mu ce uffan ba. A irin wannan wuri ne ake bukatar masu ilimin abin, su yi magana da harshen da za mu ji.

Ni ina iya gaya miki cewa wata fitowa ta sa ɗaki ya yi tsit. Ke ce za ki iya gaya mini ko haske ne ya yi wannan aiki, ko yadda aka yanka hoton, ko shirun da aka bari. Sharhi irin wannan da Hausa, a kan finafinan da Zango ke kallo da gaske, ya yi ƙaranci ƙwarai, kuma ku ne za ku rubuta shi.

Don haka in kin zo hutu ki zo shirin, na riga na yi magana da mai gabatarwa. Ki zaɓi fim ɗaya na Kumawood da ɗaya na Hausa, ki sanar da mu da wuri mu ma mu kalla. Tambayar da zan fara yi miki a gaban jama'a ita ce ta sauti: me ke sa magana ta ɓace da zarar an fita waje, kuma nawa ne kuɗin gyara wannan ga mai fim da ba shi da jari?

Ki gaida iyayenki. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Naki,
Babanki na shirin finafinai,
Aboabo, Kumasi