Haƙorin shekara shida ba ya famfara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana iyaye a kan wani abu da ya faru a gidana, wanda har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ni mai shagon kayan masarufi ne a Tudun Wada, nan Kaduna. Shagon yana kan hanyar wata firamare da Islamiyyu biyu, don haka rabin cinikin safiyata na yara ne: alawa, cingam, biskit, lemon roba, ga robobin tuwon madara da gullisuwa da iloka da matan unguwa ke kawo mini in sayar musu. Na faɗi wannan tun farko don a san ba ɗan kallo ba ne ke magana. Da hannuna nake miƙa wa yaran nan zaƙi kullum, har da nawa na cikina.

'Yata ta uku shekararta tara. In an tashi daga makaranta shago take fara biyowa, ta zauna a kan buhun shinkafa tana ba ni labarin aji, ni kuwa ba na iya hana ta abin da ta miƙa hannu ta ɗauka. Wata rana ta ce wa mahaifiyarta in ta sha ruwan sanyi haƙorinta yana mata zugi. Aka haska da fitilar waya, aka ga wani ɗan baƙin ɗigo a turmin can ƙurya, na ƙasa. Da muka gaya wa Hajiyarmu sai ta ce, "Ku rabu da shi, ai na yarinta ne. In ta yi famfara wani zai fito." Ban ga laifinta ba, don ni ma abin da na sani ke nan. In ciwon ya motsa a danna mata kanumfari, a kurkure da ruwan ɗumi da gishiri, in ya ƙi in biya kemis in karɓo farasitamol. Haka muka yi ta lallaɓawa wata da watanni.

Wani dare cikin hunturu kukanta ya tashe mu. Kumatunta na dama ya haye har ya fara danne ido, jikinta zafi rau, ko baki ba ta iya buɗewa sosai. Gari na wayewa muka nufi asibiti. Sai da aka ba ta magani na wasu kwanaki kumburin ya saɓe, sannan likitar haƙorin ta samu damar dubawa da kyau. Ta sa ɗan madubinta, ta ɗago ta ce, "Malam, matso ka gani." Na leƙa. Abin da muke kira ɗigo ƙofa ce kawai, ciki duk ya rarake, gefe ɗaya ma ya gutsure. Na ce mata ai da sauƙi tunda na famfara ne. Ta girgiza kai ta ce, "Wannan ba ya famfara. Shi ne nata na har abada."

Ta sa ni na ƙirga da kaina. Haƙoran yarinta guda 20 ne, goma a sama goma a ƙasa, wato daga tsakiyar baki biyar dama biyar hagu. Duk haƙorin da ka ƙirga ya zama na shida daga tsakiya, na girma ne. Yana fitowa wajen shekara 6, can bayan sauran, ba tare da wani ya fita ya ba shi wuri ba. Ba giɓi, ba girgiɗi, shi ya sa iyaye ba sa ma sanin ya iso. Guda huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan aikin tauna. Samansu yana da 'yan ramuka da abinci ke maƙalewa, ga shi sun zo a shekarun da yaro ya fara riƙe kuɗin tara. Ta ce da mun zo tun yana ɗigo, ciko kawai za a yi cikin 'yan mintoci. Yanzu ruɓar ta kai jijiya, kuma abin da ya saura na haƙorin ba zai riƙe gyara ba. Aka cire shi.

A hanyar dawowa cikin Keke Napep, da auduga a bakinta, ta jingina da ni ta ce, "Baba, yaushe sabon zai fito?" Na kasa ba ta amsa. Na riƙe hannunta har muka iso gida.

Tun daga ranar nake ta tambaya da neman sani, kuma abin da na fahimta ya bambanta da abin da muka tashi da shi. Na farko, babu wata tsutsa a cikin haƙori. Masu yawo da magani a kasuwa da tasha da ke yi wa mutum hayaƙi su nuna masa tsutsa a kwano, wallahi cin kuɗinsa suke yi. Abin da ke akwai shi ne ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, da ke zaune cikin wannan farin dattin mai danƙo da ke manne a jikin haƙori. Sukari ne abincinsu. Da zarar zaƙi ya shiga baki, cikin 'yan mintoci suna mai da shi wani ruwa mai tsami da ke zaizayar bayan haƙori. Allah da ikonsa ya sa miyau yana wanke wannan tsamin yana kuma mayar wa haƙori abin da ya rasa, amma yana bukatar kamar rabin awa zuwa awa ɗaya kafin baki ya dawo daidai. In kafin ya gama an sake jefa wata alawar, an koma farko.

Nan ne abin ya tsaya mini a rai, domin ni na fi kowa sanin sau nawa yaron unguwarmu ke sa zaƙi a baki. Da safe shayi da sukari cokali uku, ko koko da aka zuba wa sukari har sai an daina jin tsaminsa. Ƙarfe bakwai da rabi ya tsaya wurina ya sayi alawa ta hanya. Lokacin tara biskit da zoɓo mai zaƙi. An tashi, askirim a bakin get. La'asar, kan hanyar Islamiyya, tuwon madara ko cingam. Bayan magariba a aiko shi sayen magi ko omo, ni kuma in ce babu canji, ɗauki minti. Ya tsotsa a hanya, ya je ya kwanta da shi a baki. Sau shida ke nan, kuma ba ɗan mai kuɗi nake lissafawa ba, kowanne na 'yan canji ne. Da duk wannan zaƙin a zama ɗaya ya sha shi bayan cin tuwo, da ɓarnar ba ta kai haka ba. Rarraba shi cikin yini shi ne ke hana haƙori hutu. Na dare kuma ya fi kowanne muni, don in mutum ya yi barci miyau yana raguwa sosai, sai tsamin ya kwana yana aiki babu mai wanke shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, in ma an iya a yi ƙasa da kashi 5, wanda ga babba bai wuce cokalin shayi shida ba. Kwalbar lemo ɗaya irin wadda nake sayarwa tana iya ɗaukar kusan cokali tara. Mu kuwa a gidan suna da biki har jaririn goye ake ɗura wa a murfin kwalba ana dariya. A 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma ni dai a shagona ban ga yaro ko ɗaya da ya fasa saye saboda shi ba. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a wannan shekarar ta 2022, ta ce yara sama da miliyan 500 a duniya ke fama da ruɓewar haƙoran yarinta. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce, sai dai mu muna ƙara mata da wannan kalma ta "ai zai fita".

Ko waɗanda za su fita ɗin ma ba na banza ba ne. Turamen yarinta ba sa fita sai wajen shekara 10 zuwa 12. Yaron da nasa suka rarake yana ɗan shekara huɗu, a ce ya jira famfara, an ce ya yi shekara shida ko fiye yana tauna da gefe ɗaya, yana ƙin nama, yana kwana da zugi, gobe malami ya ce ba ya mai da hankali. Kuma su ne ke riƙe wa na girma wuri. In aka cire su da wuri sai na kusa su karkato, na girman ya zo bai sami hanya ba ya fito a karkace. Na ga yara ƙanana da haƙoransu na gaba na sama suka yi baƙi suka guntule tun ba su shiga makaranta ba, in ka bincika sai ka ji da fida ake kwantar da su, an cika ta da shayi ko madara mai sukari.

Wani abin mamaki game da mu shi ne, haƙori muna ɗora masa laifin da bai yi ba, muna kuma ƙyale shi a inda yake bukatarmu. Jariri ya yi ta zawo da zazzaɓi mai zafi, sai a ce haƙori ne, a ƙi kai shi asibiti. Fitowar haƙori tana sa ƙaiƙayin dasashi da dalalar miyau da rigima, amma zawo mai yawa da zazzaɓi mai zafi ciwo ne daban da ke son likita. Mutanen jihar nan ba za su manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙorin yara mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, ya kashe yara 84 a ƙasar nan, har da waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa na Zariya.

Mu ba baƙin tsaftar baki ba ne. Manzon Allah (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da yin asuwaki a kowace salla. Ka duba ƙofar kowane masallacin Juma'a a garin nan, za ka ga mai tallar asuwaki. Amma mu manya muke yi, yaran mun bar su. Wanda ma ake goge wa baki, da safe ne kawai don kada ya je makaranta yana wari, alhali na dare kafin barci shi ne mafi muhimmanci. Likitar ta ce mini asuwaki yana cire datti sosai in an iya shi, a riƙe shi, amma a haɗa da man goge baki mai sinadarin fuloraid, domin shi ke ƙarfafa bayan haƙori. Ana rubuta adadinsa a jikin kwalin, a nemi mai 1000 zuwa 1500. Tun haƙorin farko ya ɓullo, wajen wata shida, ake farawa. Ɗan ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake. Sau biyu a yini, minti biyu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da ta ce in an gama a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa, don a bar maganin ya zauna a jikin haƙori. Shekara arba'in ina kurkurewa. Ta kuma ce yaro ba ya iya gogewa da kyau shi kaɗai sai ya kai shekara 7 ko 8, kafin nan babba ne zai riƙe buroshin ko ya bi bayansa, musamman can ƙurya.

Ba zan yi ƙarya in ce na daina sayar da alawa ba, da ita nake ciyar da gidana. Amma na daina ba da minti a madadin canji, gara in rubuta a littafi gobe a karɓa. Na matsar da robobin alawa daga gaban teburi, na sa soyayyar gyaɗa da aya da dafaffen ƙwai a wurin. Wasu yaran sun koma shagon gaba, wasu kuma sun saba. A gida mun yi doka: zaƙi bayan abinci ne, tsakanin abinci ruwa, bayan an goge baki da dare kuma an rufe. Hajiyarmu da ta ce a rabu da shi, ita ce yanzu ke tsare jikokin bayan isha'i da buroshi a hannu.

Roƙona gare ka, Edita, ka riƙa gayyato likitocin haƙori su yi mana bayani da Hausa a wannan shafi, ba sai ranar 20 ga Maris da ake bikin lafiyar baki ta duniya ba. Gidajen rediyonmu na Kaduna su ma su taimaka, don Hajiyarmu da ire-irenta rediyo suke ji. Ina kuma kira ga hukumomin lafiya na jiha, tunda uwaye suna kai yara rigakafi da awo a ƙananan asibitocin unguwa, a koya wa ma'aikatan wurin su riƙa ɗaga leɓen yaro su duba, su faɗa wa uwa kalma biyu. Makarantu kuma su dubi abin da ake sayarwa a bakin get ɗinsu, ni da ire-irena a kira mu a zauna da mu.

Iyaye 'yan'uwana, duk mai yaro daga shekara shida zuwa sama, yau da dare ya kunna fitilar wayarsa, ya ce yaron ya buɗe baki, ya ƙirga daga tsakiya har zuwa na shida. In ya ga baƙi ko rami, ya kai shi sashen haƙori na babban asibiti tun bai fara ciwo ba. Ƙannen yarinyar nan biyu na duba, na samu ɗigo a bakin ɗaya, an yi masa ciko, bai ko yi kuka ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai shago,
Tudun Wada, Kaduna.