Wasiƙa kan ƙaninka da sare bishiya daga sama

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa. Ya iyali, ya aiki? Shirun ya yi yawa, laifin na rabawa ne, amma kasonka ya fi tsoka.

Labari ya iso cewa ƙaninka ya koma hawa bishiya yana sauke ta gunduwa-gunduwa da zarton inji. Don Allah ka zaunar da shi ka karanta masa wannan.

Kada ya ta da zarto sai yana ɗaure wuri biyu. Na farko gajeriyar igiyar ƙugu mai waya a ciki, wadda ke kewaye gangar. Na biyu doguwar igiyar hawa, a yi mata zarge ta shaƙe gangar ƙasa da wurin yanka. Idan rassa sun ƙare, ganga ta zama sumul, gajerar ba ta riƙe kowa. Ƙaimin ƙafa, wato ƙarfe mai tsini da mai hawa ke cakawa a jikin itace, yana suɓucewa za ta zame da shi har ƙasa. Zargen ne zai tare shi, kuma da doguwar zai sauko in ya ji ciwo. Wayar nan ma kada ta ruɗe shi, zarto na cinye ta. Kafin kowane yanka ya leƙa bayan gangar ya ga inda igiya ta kwanta.

Ƙaimi kuwa, tsoro ne ke fitar da shi. In mutum ya rungume itace, gwiwa ta manne, sai tsinin ya bar ɓawo. Maimakon haka, ya ja ƙugunsa baya, ya jingina da igiya. Kai da tsani mai taki uku ke sa wa jiri, na san ba ka gane ba, karanta masa kawai.

Af, na ji wai surukinka ya sake sayen wata akwalar mota. Allah ya shirya.

Abin da ya fi hana ni barci shi ne cire kan bishiya. Idan ta karkata, gangar kan tsage kafin yanka ya kai, tsagin ya buɗe cikin igiyar ƙugu ya matse mutum da itace. Ya ɗaure gangar tamau da ɗamarar ɗaure kaya kusa da wurin yankan. Gunduwar da za a sauke da igiya ta zama gajera, na ƙasa kuma ya bar igiyar ta ɗan gudu kafin ya tsayar, in ba haka ba fizgar za ta kaɗa gangar da mutum a jikinta.

Hannu biyu kan zarto, hular kwano mai maɗaurin haɓa, ƙugiya mai kulle kanta. In ya ga lemar kwaɗi a gindi ko ya ƙwanƙwasa ya ji kogo, kada ya hau. A ƙasa kuma lallai a sami wanda ya iya hawa, da kayansa a kusa.

Ka gaida Hajiya. Ina jiran amsa, ba irin ta bara ba.

Naka.